Tambayoyin Masu Karatu: Farin Soso Mai Ƙwaya ko Mai Launi, Wanne Ya Dace da Gininmu?

Tun daga watan Maris, lokacin da zafi ya fara haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Kusseri da Njamena, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga magana guda, wato yadda mutum zai hana ɗakinsa zama tanda. Da yawa daga cikinsu sun tambayi bambancin soson gini iri biyu da ake gani a shagunan kayan gini, wanda masu shago ke kira polistiren, saboda haka na zaɓi huɗu na haɗa su a wannan fitowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina gina ɗaki uku da falo, rufin kwano ne, kuma kafinta ya kusa fara silin. A shago an nuna mini soso iri biyu: wani fari mai ƙwaya-ƙwaya irin wanda ake samu a kwalin sabon firji, wani kuma shuɗi mai santsi wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Mai shago ya ce shuɗin shi ne na gaske, farin kuwa asarar kuɗi ne. Wanne zan saya? Daga wani magidanci a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya a shiga a sa'a. Ga wurin da ka ambata, wato saman silin ƙarƙashin kwano, inda ruwa ba ya kwanciya kuma babu mai takawa, farin ya ishe ka, da sharaɗin ka sayi mai nauyi kuma ka ƙara masa kauri. Zan faɗi dalili dalla-dalla, domin maganar mai shago tana da kamshin gaskiya, sai dai ya ɗora ta a inda ba wurinta ba.

Duka biyun uwarsu ɗaya, roba ce da ake samu daga man fetur, hanyar sarrafawa ce ta raba su. Farin, wanda ake rubuta wa EPS, ko PSE a takardun Faransanci, ana yin sa ne da ƙananan ƙwayoyin roba kamar tsabar gero, a busa musu tururi su kumbura su ninka girmansu sau da yawa, sannan a matse su cikin akwati su manne da juna, a yanka su da waya mai zafi. Kusan kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce. Kamfanin BASF na Jamus ne ya fito da shi wajen shekarar 1950 da sunan Styropor. Mai launin kuma, wanda ake rubuta wa XPS, narkar da robar ake yi gaba ɗaya, a cuɗa ta da iskar gas, a turo ta ta wata siririyar kafa kamar yadda injin taliya ke turo kwaɓi, sai ta fito allo guda mai santsi wanda ramukan cikinsa a rufe suke ruf, babu mahaɗa tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Kamfanin Dow na Amurka ne ya fara yin sa a shekarun 1940 da sunan Styrofoam. Launin da kake gani, shuɗi ne ko ruwan hoda ko kore ko ɗorawa, alamar kamfani ce kawai, ba ya nuna inganci.

Abin da ke tare zafi a dukansu shi ne iskar da aka ɗaure a cikin ramuka, ta kasa motsi. Masana suna auna wannan da wata lamba da ake kira lamda, wadda ake bugawa a jikin kunshin kayan, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon ƙarfin tare zafi. Ta farin soso yawanci tana tsakanin 0.035 da 0.040, ta mai launi kuma tsakanin 0.029 da 0.036, alhali ta kankare tana wajen 1.7 zuwa 2. Idan ka dubi waɗannan lambobi za ka ga cewa tazarar da ke tsakanin sosunan biyu ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada da tazarar da ke tsakaninsu da kankare. A lissafi, santimita 6 na farin soso mai kyau yana yin aikin santimita 5 na mai launi. Santimita guda ɗin nan ita ce duk fifikon da za ka biya wa wancan kuɗi a saman silin, kuma a can sarari ba ya yi maka kaɗan. Har ma akwai ƙarin magana: wasu nau'o'in mai launi ana cika su da gas da ya fi iska tare zafi, amma da tafiyar shekaru gas ɗin yana sulalewa iska ta maye gurbinsa, ƙarfin ya ɗan ragu, shi kuwa farin yadda ka sa shi haka zai zauna muddin bai jiƙe ba.

Bari mu yi lissafin ɗaki guda don ka ga amfanin abin a fili. Mu ƙaddara ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi, a ce da rana tsaka cikin rufin ya kai digiri 55, ɗakin kuma kana so ya tsaya a 30. Siririn katakon silin shi kaɗai zai bar zafin da ya kai kimanin wat 1,600 ya sauko, kamar an kunna dutsen guga an bar shi a ɗakin tun hantsi har la'asar. Idan aka shimfiɗa santimita 5 na farin soso a kansa, zafin zai koma ƙasa da wat 300. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki guda tana kwashe wajen wat 2,600 ne, ka ga ke nan fiye da rabin wahalarta a kan rufin take ƙarewa idan babu abin tare zafi. Wanda ke biyan kuɗin wuta, ko yake dogara da batirin sola, ya san abin da wannan ke nufi. Ni shawarata kada ka yi ƙasa da santimita 5, idan kuma aljihu ya yarda ka kai 8 ko 10, kuma kuɗin da za ka ba shuɗin ka mayar da shi wajen wannan kauri.

Akwai kuskure guda da nake roƙon ka tsaya a kan kafintanka kada ya yi shi. Duka sosunan biyu suna fara laushi da motsewa idan zafi ya kai wajen digiri 75 zuwa 80, kwano kuwa a ranar Afrilu, musamman wanda ya yi tsatsa ko aka yi masa fenti mai duhu, yana iya kusantar wannan. Na taɓa hawa cikin rufin wani gida bayan sallar azahar, mai gidan yana kukan ya kashe kuɗi bai ga sauyi ba, sai na tarar an manna allunan a jikin kwanon kai tsaye. Duk sun lanƙwashe kamar busasshen ganye, gefensu ya janye, tsakanin allo da allo akwai kafar da tafin hannuna ke shiga, zafi kuma yana kwarara ta nan kamar ruwa ta ɓular tulu. Abin da ya dace shi ne a kwantar da soson a kan silin, a yanka shi daidai ya cika tsakanin katakai ba tare da giɓi ba, a bar sarari tsakaninsa da kwano, sannan a buɗe ƙofofin iska a gefe biyu na rufin a sa musu raga saboda jemagu da ɓeraye. In ka ƙara da yi wa kwanon farin fenti, ka rage zafin tun daga tushensa.

Inda mai shago yake da gaskiya shi ne, farin soso iri-iri ne, kuma mafi yawan wanda ke yawo a kasuwa sakayau ne, irin na kunshe kaya, wanda da ka murza shi da yatsa sai ya wargaje. Ka tafi da sikeli ko ka ari na maƙwabcin shago. Allo mai mita guda tsawo da mita guda faɗi da kaurin santimita 5, idan ya yi giram 750 to nauyinsa kilo 15 ne a kowace kubik mita (mita guda tsawo da faɗi da kauri), wato mafi ƙarancin abin da zan yarda a sa a gini. Idan ya kai kilo guda ya fi kyau. Idan kuwa bai wuce giram 500 ba, ka bar masa kayansa. Ka karya gefen allon ka duba: a mai kyau ƙwayoyin suna tsagewa ne ta tsakiya saboda sun manne sosai, a mara kyau kuma sai su zubo ɗai-ɗai. Sannan ka lura cewa allon mai launi yawanci mita 1.25 ne da santimita 60, bai kai murabba'in mita guda ba, don haka a kan murabba'in mita za ka gwada farashi, kada ka gwada allo da allo. Tsadar kayan a wajenmu ma wani kasonta na hanya ne, domin abin da aka ɗauko daga tashar Duwala, ya bi jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko ya hau babbar mota har Garwa, kuɗin cika mota ake biya masa ko da kuwa iska ce aka ɗauko.

Abu na ƙarshe, soso ba ya sanyaya ɗaki, hana zafi wucewa yake yi, kuma yadda yake hana na waje shiga haka yake hana na ciki fita. Ɗakin da aka rufe da dare bayan bangonsa ya sha rana zai riƙe zafinsa har asuba. Kakanninmu da suka yi soro mai kaurin bango da rufin azara sun gane wannan, suna rufe ɗaki da rana su buɗe shi da dare, kuma wannan ɗabi'a ita ce za ta cika aikin sosonka.

TAMBAYA: Malam, ni birkila ne. Wani ya ba ni aikin gida mai rufin kankare, abin da muke kira dal, yana so a sa masa soso a sama domin da dare ɗakin ba ya kwantuwa. Farin zan sa ko mai launi, kuma a ƙarƙashin kwalta ko a kanta? Daga Njamena.

AMSA: Sannu da aiki, ɗan'uwa, kuma na ji daɗin yadda ka tambaya kafin ka fara. Nan ne wurin da mai launi ya cancanci kuɗinsa, dalili kuwa biyu ne, ruwa da nauyi. Idan aka nutsar da allunan cikin ruwa na tsawon makonni, mai launi ba ya shan abin da ya kai kashi 1 cikin 100 na girmansa, farin kuwa yana iya shan kashi 2 zuwa 5, domin ruwa yana bin mahaɗar ƙwayoyinsa. Ruwa yana wuce da zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu, saboda haka soson da ya jiƙe ya rasa wani kaso na amfaninsa. Ta fuskar nauyi kuma, mai launi da aka saba samu an rubuta masa 300, ma'ana sai an ɗora masa kusan tan 30 a murabba'in mita kafin ya lotsa da kashi 10 cikin 100 na kaurinsa, alhali farin da ake sa wa gini yawanci 100 ne ko 150, mara nauyin ma bai kai haka ba. Rufin da za a hau a yi shanya, a ɗora tankin ruwa ko faifan sola, a kwana a kai da bazara, yana buƙatar mai ƙarfin.

Tsarin da na fi amincewa da shi shi ne wanda soson ke zama a kan abin hana ruwa. Ka fara gyara gangaren dal ɗin ruwa ya riƙa gudu zuwa indararo, ka shimfiɗa kwaltarka ko ledar hana ruwa, ka bari ta huce sarai, sannan ka jera allunan masu launi bakinsu na shiga cikin na juna, ka rufe su da yadin da ruwa ke ratsawa, ka danne da tsakuwa mai haske kaurin santimita 5 ko da fale-falen siminti. Amfanin wannan biyu ne: dal ɗin ba zai ƙara shan rana ya riƙe zafi ya sako wa masu barci da dare ba, ita ma kwaltar ta sami inuwa, ba za ta riƙa narkewa da rana tana tsagewa da sanyin hunturu ba. A wannan tsari ruwan sama yana ratsa tsakanin allunan, shi ya sa farin soso na yau da kullum bai dace ba.

Kada ka bar allunan a fili ko da na mako biyu ne. Hasken rana yana cin fatarsu ta koma gari, guguwar farkon damina kuma za ta kwashe su zuwa gidan maƙwabta, ruwan Agusta ma idan ya taru zai ɗaga su sama tunda ba sa nutsewa. Kada kuma ka lulluɓe su da baƙar leda a rana, domin zafin da zai taru ƙarƙashinta zai lanƙwasa su. Tsakuwar santimita 5 tana ƙara wa rufi kilo 80 zuwa 90 a kowane murabba'in mita, don haka a nemi injiniyan da ya san ƙarfen da ke cikin dal ɗin ya amince tukuna. Sannan ka kiyayi kwalta mai zafi da wutar gas ta like leda da duk wani gam ko fenti mai tina a ciki. Ka san yadda ake jefa gutsuren farin soso a cikin fetur ya narke nan take ya zama gam ɗin toshe kwanon da ke yoyo. To haka kowane ɗayansu zai yi idan irin waɗannan suka taɓa shi.

TAMBAYA: Ina sayar da ƙanƙara da ɗanyen kifi, ina so in gina ƙaramin ɗakin sanyi a cikin gida. An ce in tara farin soson da ke cikin kwalayen kayan lantarki in cusa a bango, ya fi sauƙi. Ko hakan zai yi? Daga wata 'yar kasuwa a Kusseri.

AMSA: Hajiya, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Gutsattsarin nan suna da amfani a akwatin da za a ɗauki kifi daga bakin kogin Logon zuwa kasuwa, amma ɗakin sanyi ya fi ƙarfinsu, domin ba su da nauyi, siffarsu ba ɗaya ba ce, kuma duk kafar da ta rage tsakaninsu hanya ce ta zafi da laima.

Matsalar ɗakin sanyi ta sha bamban da ta ɗakin kwana. Kin ga yadda kwalbar ruwan sanyi ke yin gumi idan aka fito da ita da damina? Haka laimar iskar waje ke kutsawa cikin bango tana neman wurin sanyi, idan ta isa sai ta zama ruwa a cikin soson, in sanyin ya kai ma ta daskare ta farfasa shi. Farin soso ya fi barin laima ta ratsa shi, saboda haka bayan damina biyu ko uku sai ki ga injin yana aiki ba hutawa amma ƙanƙara tana narkewa. Don haka a ƙasan ɗakin, inda ruwan kifi ke zuba kuma ake jibge kaya, mai launi za a sa, a zuba kankare a kansa. A bango da rufi ma shi ya fi, kodayake farin mai nauyin kilo 25 zuwa 30 a kowace kubik mita zai iya yi idan an kiyaye shi. Kaurin kada ya gaza santimita 10 idan sanyaya kifi kawai ake so, idan kuwa daskarewa ce a kai 15, a jera shi hawa biyu yadda mahaɗar hawan farko ba za ta haɗu da ta na biyu ba. Ledar hana laima kuma a ɓangaren zafi ake sa ta, wato tsakanin bangon bulo da soson, a like duk mahaɗarta. Magina da yawa suna juya wannan su sa ta ta ciki, sai su ɗaure ruwan a cikin soson da hannunsu.

Tunda gidanki a Kusseri yake, ki tuna da ambaliyar 2022 da ta 2024, lokacin da Logon da Shari suka cika suka shiga unguwanni a ɓangarorin biyu na kogi. Ki ɗaga daɓen ɗakin sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa a unguwarku. Idan kuma jarin ya kai, ki tambayi farashin allunan da aka yi musamman don ɗakin sanyi, masu ƙarfe ciki da waje da soson poliyuretan a tsakiya, waɗanda lamdarsu ke wajen 0.022 zuwa 0.025, sun fi waɗannan biyun duka.

TAMBAYA: Baba, na ji an ce gara tana cin soson nan, kuma yana kama wuta. Wanne ne a cikinsu ya tsira daga wannan? Daga wani ɗalibin koyon gini a Marwa.

AMSA: Babu ko ɗaya, ɗana, kuma gara ka san haka tun yanzu. Gara ba ta samun abinci a jikin roba, amma tana haƙa hanya a cikinsa, fari ne ko mai launi, ta bi ta ɓoye har ta isa katakon rufi ba wanda ya gani. Tururuwa da ɓeraye ma suna yin gida a ciki. Saboda haka idan za a sa soso a jikin bango ta waje, wanda bangon yamma ne ya fi buƙata a wajenmu, kada a kai shi har ƙasa. A bar tazarar santimita 15 ko fiye a fili yadda za a ga shurin gara idan ta fara hawa. A wannan aiki na bango farin ya fi karɓar filasta saboda kaushinsa, mai launi kuwa sai an kankare santsinsa ko an sayi wanda aka yi wa zane-zane, kuma kowanne aka sa sai an ɗora raga kafin yaɓe.

Maganar wuta ta fi nauyi. Dukansu suna ci, suna narkewa suna ɗigowa da wuta, suna fitar da baƙin hayaƙi mai kauri wanda shi ne ke kayar da mutum kafin harshen wutar ya iso shi. Na gini ana sa masa sinadarin da ke rage saurin kamawa, kuma a ma'aunin Turai za ka ga an rubuta masa harafin E, wanda ke nufin ƙaramin harshen wuta ba zai yi saurin bazuwa a kansa ba, amma gobara sosai za ta cinye shi. Na kunshe kaya sau da yawa ba shi da ko wannan. Don haka kada a bar soso tsirara yana kallon ɗaki, musamman kicin ko inda ake ajiye janareta da fetur. A rufe shi da filastar siminti ko allon jifsam mai kaurin milimita 12.5, domin silin roba ba kariya ba ce, ita ma ci take yi. Wayoyin lantarki a zura su cikin bututu kada su kwanta a jikinsa, saboda robar waya da soson suna ɓata juna idan suka daɗe a haɗe, waya kuma da aka binne cikin soso ba ta samun inda za ta fitar da zafinta. Inda fitilar da ke nutse cikin silin ko bututun hayaƙi ya ratsa, a yanke soson a ja shi baya, a cike wurin da audugar dutse ko ta gilashi, waɗanda ba sa kama wuta.